Ranar Da Na Yi Lodin Fasinja A Filin Jirgi

Ku matso kusa, don maganar nan ba ta ɗaga murya ba ce, ko da yake rabin Kamazou sun riga sun ji ta daga bakunan da ba nawa ba. Gara ku ji daga wurina. Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka aike ni filin jirgin sama tarbo baƙuwa ba. Ko yanzu in na tuna, ƙafafuna ne ke fara ciwo kafin kunyar ta iso.

Ni mace ce ta gida. In kun neme ni, ko ina tsakar gida ina tsince wake, ko ina bakin ƙofa da kular zoɓo da ƙanƙara, ko ina coci wurin zumuntar mata. Boko ban yi nisa ba, iyakata in bi littafin waƙoƙi da yatsa. Tsallaka kogi zuwa cikin gari ma sai da babban dalili, rasuwa ko asibiti. Amma tasha kam na san ta. Duk tafiyar da na taɓa yi a duniya daga tasha ta fara: ka kama kujerarka, ka zauna, ka jira mota ta cika. Huɗu a baya, biyu a gaba. Tun ina goye a bayan uwata haka na ga ana yi, kuma ba wanda ya taɓa ce min akwai wata hanyar.

To, ɗana Ishaya ya samo yarinyar da yake so, Rahila, ma'aikaciyar jinya, mai hankali da sanyin baki. Uwarta 'yar Filato ce amma ta daɗe a Legas, babbar ma'aikaciya ce har ta yi ritaya, kuma tun rasuwar mijinta ita ce uwa ita ce uba. Ta ce ba za ta ce e ba, ba za ta ce a'a ba, sai ta zo ta ga mutanen yaron da idonta. Kwana ɗaya za ta yi. Ta sauka da rana, a zauna da yamma a gidan wan mijina Baba Markus a Barnawa tare da fasto, washegari ta koma. Abin da ta gani a wannan yinin, shi ne amsarta.

Ana gobe za ta zo, Ishaya ya zaunar da ni.

"Mama, ke za ki tarbo ta. Uwa ce, uwa ya kamata ta fara gani."

Na ce, "Ni? Ina ni ina filin jirgi?"

"Ba wuya. Akwai wani direba a can, Malam Audu. Na riga na gama da shi, ku dai ku shiga kawai. Amma Mama, don Allah..."

"Don Allah me?"

"Ki rage surutu. Matar nan tana lura da komai."

(Ku ji fa. Yaron da ni na koya wa magana.)

Na haɗiye, na ce to. Da ya ce ya gama da direba kuwa, ni abin da na ɗauka shi ne ya biya mana kujera biyu, tawa da ta baƙuwa, kamar yadda ake aika yaro tasha da sassafe ya kama wa manya wuri. Ban tambaya ba. Me zan tambaya a abin da na sani tun ina yarinya?

Abokin Ishaya ne ya kamata ya kai ni, da safe motarsa ta ƙi tashi. Haka na fito da ƙafata, cikin leshi mai ƙaiƙayi, da gwaggwaron da maƙwabciyata ta ɗaura min har sai da girata ta ɗage, da takalminta da ta ba ni aro wanda ya fi ƙafata ƙanƙanta. Na kuma saƙa gorar zoɓo mai sanyi a jaka, ko da yake Ishaya ya ce kada in ɗauki komai. Ta yaya zan tarbi baƙuwa hannu biyu babu ko ruwa?

Lokacin zafi ne, gab da faɗuwar damina, irin ranar da ko kaji ba sa fitowa daga inuwa. Keke zuwa Sabo. Bas zuwa Kasuwa, muka maƙale a kan gada har na haddace fuskar mai sayar da ruwan leda. Wata bas ɗin zuwa Mando, gwaggwarona yana gogar rufi, wani bawan Allah a bayana yana ta cewa, "Mama, ki ɗan sunkuya, ba na ganin hanya," sai ka ce shi ke tuƙin. A Mando na sami wata tsohuwar mota mai kai ma'aikatan filin jirgi. Muka zauna, muka jira, sai da ta cika dam, huɗu a baya biyu a gaba, sannan ta tashi. Kun gani ko? Haka na je. To me zai sa in yi zaton dawowa za ta bambanta?

Hanyar kuma ba ta ƙarewa. Daji, daji, shingen sojoji, daji. Na ce a raina duk wanda ya gina wurin nan bai so a same shi ba.

Na isa, aka ce jirgi ya yi latti. Na zauna a kan kujerar ƙarfe, na zare duga-dugaina daga takalmi a ɓoye, ina jin zoɓon da ke jakata yana hucewa kamar yadda nake hucewa. Ban karya ba sai ruwan shayi. Har na fara gyangyaɗi sannan mutane suka fara fitowa.

Na gane ta daga hoton da Ishaya ya nuna min a waya. Doguwa, da gilashi, da ɗan akwati mai taya, tana tafiya kamar ba ta taɓa gudu don kama mota ba a rayuwarta. Na tura ƙafa cikin takalmi, na ɗingisa na same ta.

"Sannu da hanya, Madam. Ya gajiya?"

"Lafiya lau, Maman Ishaya. An sha jira ko?"

Hausarta ta Jos ce tsaf, Legas ba ta taɓa ta ba. Nan da nan bakina ya cika da tambayoyi: wace unguwa a Jos, su wa ta sani, yaya cikin jirgi yake, da gaske ne ana ba da abinci? Sai na tuna gargaɗin ɗana, na mayar da su duka ciki. Na miƙa mata zoɓo, ta ce ta gode, ba yanzu ba.

Malam Audu ya same mu da kansa, dattijo mai furfura a gemu. Motarsa kuwa, jama'a! Gilashi ba tsagewa, ƙofa tana buɗuwa ta ciki ba sai an zura hannu ta taga ba. Na buɗe wa Madam gidan gaba, tunda a tasha nan ne wurin girma. Ta ce a'a, ta fi son baya. Na ce kai, matar nan akwai sauƙin kai, ga gaba ta bar min, ta zaɓi wurin matsi. Na shiga gaba na takure jikin ƙofa don in bar wa na biyu wuri.

Malam Audu ya sa akwati a but, ya leƙo.

"Shi ke nan, Mama, ko da saura?"

Na waiwaya na dubi kujerar baya, mutum ɗaya a ciki kamar ƙwayar gyaɗa a kwano. Na ce, "Haba Malam, ai kana gani, da saura."

"To madalla. Bari in yi azahar kafin su fito."

Ya sauke mana gilasai ya tafi.

Muka zauna. Ni ina jiran fasinja. Madam tana jiran dangina. Malam Audu yana can yana ba dangin nawa lokaci su ɗauko kayansu. Kowa yana yi wa kowa kara, ba mai magana. Iska ba ta motsi, kujera ta fara manne min a baya. Madam ta ɗauko wata takarda tana fifita, ta dubi agogonta, ta sake duba.

"Suna da yawa ne waɗanda muke jira?"

"Ba su da yawa, Madam. Da Allah ya kawo su za mu tashi."

"Jirgi ɗaya muka shigo da su?"

"Wataƙila."

Ta dube ni ta saman gilashinta. Da a ce ranar an bar ni da bakina, da tuni na ce mata, "Madam, motocin nan na filin jirgi ba sa cika da wuri," da tuni magana ta fito fili, an yi dariya an wuce. Amma an ce in rage surutu, na rage.

Waya ta yi ƙara. Ishaya ne.

"Mama, kun taso?"

"Muna cikin mota."

"Yauwa. Fasto ya iso, amma yana da addu'a a gidan rasuwa da yamma, ba zai daɗe ba. Ku yi sauri."

Na ce to. Ban yi ƙarya ba, muna cikin mota.

Sai dai hankalina ya tashi. Ina kallo mutanen jirgin nan suna watsewa, kowa ya shige mota shi kaɗai a ja shi, kujeru fanko. Na ce waɗannan direbobin ba su san ciwon mai ba. Shi kuma Malam Audu, bawan Allah, ko yaron mota ba shi da shi mai kira masa fasinja. In muka biye wa wannan zaman, fasto zai tafi, taro ya watse, gobe matar nan ta koma Legas da a'a a bakinta, ɗana ya zauna yana kallon bango. A tashar Sabo in direba ya tafi cin abinci kuma muna sauri, mu fasinja mukan taya shi kira. Na sha yi, har yaba min ake yi don muryata tana kai nisa.

Na ce, "Madam, ina zuwa." Na gyara ɗaurin zani, na fita.

Ta farko ba ta yi wuya ba. Wata mata ce mai sayar wa ma'aikata abinci, ta tashi kasuwa, tana tsaye a rana da kuloli da bokitin kwanuka.

"'Yar'uwa, ina za ki?"

"Mando."

"Taho, ga mota."

Ta dubi motar, ta dube ni, ta ce, "Wannan?" Na ce ita fa. Na buɗe mata baya, muka cusa bokiti a tsakanin ƙafafunta, ƙamshin miyar agushi ya kori turaren Madam. Abin da ya ƙara min ƙarfi, Madam ta gyara zama, ta kama hannun matar da hannu biyu, ta ce, "Sannu, sannu da zuwa. Ya gida, ya yara?" Gaisuwar surukai sosai. Na ce a raina, Ishaya ya tsorata ni a banza, dubi yadda take girmama talaka.

Na biyu wani Oga ne ɗan kudu mai tsintacciyar Hausa, mai gyaran mota a Kakuri, ya zo karɓar kayan gyara da aka aiko masa ta jirgi, yana rungume da kwali yana neman yadda zai koma.

"Oga, Kakuri? Hanyarmu ce, shigo."

"Mama, ka tabbata? Wannan mota ya yi kyau da yawa fa."

"Kai dai shiga. Madam, a ɗan matsa masa."

Wallahi da bakina na faɗa. Madam ta matsa. Ta manne da ƙofa, jakarta a ƙirji, ta dubi Oga da kwalinsa mai ɗigar baƙin mai, ta ce a hankali, "Shi ma ɗan'uwa ne?"

Na ce, "Duk 'yan'uwa ne ai, Madam," na juya da sauri don na hango wasu suna fitowa.

Yanzu saura ɗaya a baya, ɗaya a gaba, kuma na gaji da bin mutane ɗaya-ɗaya da wannan takalmin. Sai na cire shi na riƙe a hannu. Na tsaya a gaban motar, cikin leshi da gwaggwaro, ƙafa ba takalmi, na buga rufin da tafin hannu kamar yadda ake yi, na buɗe murya:

"Mando! Kakuri! Barnawa! Saura mutum biyu a tashi! Mando, Mando, Mando!"

Ban san filin jirgi yana da amsa-kuwwa haka ba. Masu kwat suka tsaya. Direbobin da ke zaune a inuwa suka miƙe tsaye. Wani mai kaki ya nufo ni da sauri yana cewa, "Madam! Madam! Nan ba tasha ba ce!" A daidai lokacin Malam Audu ya ɓullo, hula a hannu, ya tsaya cak. Ya dubi bayan motarsa, ya dubi bokiti, ya dubi kwali, ya dube ni.

"Mama, me kike yi haka?"

"Ina taya ka lodi."

"Lodi?"

"To ai ka ga ba ta cika ba, mu kuma ana jiranmu."

Ya sa hannu ya rufe baki. Da ya sauke, muryarsa ta fito a hankali, amma wurin ya yi tsit har kowa ya ji.

"Mama, motar nan shata ce. Ɗanki ya ɗauke ta gaba ɗaya, ke da baƙuwarki kaɗai. Tun da kuka shiga ke nake jira ki ce mu tafi."

Kun san yadda in an ɗauke wuta fanka ke ci gaba da juyawa kaɗan kafin ta tsaya? Haka hannuna ya ƙara bugun rufin motar sau ɗaya shi kaɗai. Sannan direbobin nan suka fashe. Wani har da zama a ƙasa. Wani ya ce, "Malam Audu, ka yi sabon kwandasta ba ka gaya mana ba!" Mai kakin ma ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Ban iya duban Madam ba. Oga ya fara jan kwalinsa zai fita yana cewa, "Na faɗa fa, na faɗa." Mai abinci ta kama bokitinta. Sai na ji muryar Madam daga ciki, ba sama ba ƙasa.

"Ku zauna. Malam direba, tayar da mota. Sun riga sun shiga, kuma rana ta yi."

Haka muka kama hanya. Aka ɗage gilasai aka kunna sanyi, amma ni zufa nake yi. Kwanuka suna ta kaɗawa a bokiti duk ramin da muka faɗa. Na ƙura wa titi ido ina lissafin yadda zan gaya wa ɗana cewa na kashe masa aure da bakina, bakin da ya roƙe ni in rufe.

Na ɗauka kunya ta ƙare, ashe da saura. A Mando mai abinci ta sauka, ta kwance bakin zaninta, ta zagayo ta tagata ta miƙo min kuɗin mota. Ni. Ba direba ba.

"Ga shi, Mama, Allah ya ƙara kasuwa."

Malam Audu ya kifa kansa a kan sitiyari. Na ce mata ta bar shi, ta tafi, don girman Allah ta tafi.

Muka bi baifas, hanyar bayan gari, muka shiga cikin tireloli, tafiya kaɗan tsayuwa da yawa. Waya tana ta ƙara a jakata, na ƙi ɗauka. Muka tsallaka kogi, muka sauke Oga a Kakuri, ya yi ta godiya yana goge man da ya ɗiga a kujera da hannun rigarsa. Mota ta koma daga ni sai ita, yadda ya kamata ta kasance tun farko.

Can sai ta ce, "Maman Ishaya, zoɓon nan yana nan?"

Na miƙa mata ba tare da na waiwaya ba. Ya riga ya zama kamar ruwan wanka. Ina ji ta sha, ta sake sha.

"Da citta da kanumfari. Ke kika haɗa?"

"Ni ce, Madam."

"Haka kike da shiru kullum?"

Nan ne igiyar ta tsinke. Na ce, "Madam, hana ni aka yi." Na juyo gaba ɗaya na fara. Na gaya mata takalmin na maƙwabciya ne. Na gaya mata ban taɓa taka filin jirgi ba sai yau. Na gaya mata gidanmu yana Kamazou, in an yi ruwa sai an tattare zani kafin a shiga layinmu, shi ya sa aka kai taron gidan Baba Markus mai tayil. Na gaya mata Ishaya yaron kirki ne amma ba ya cin kuɓewa kuma yana da fushin safe. Daga Kakuri zuwa Barnawa ban bar komai ba, na ce tunda ta lalace, ta lalace da gaskiya. Ita dai tana riƙe da gora tana cewa, "Uhm. Uhm." Ban ga dariya ba, ban ga fushi ba.

Mun iske fasto a tsaye bakin ƙofa, Littafi a hammata, yana sallama. Ishaya ya dubi ƙafafuna, ya dubi takalmin da ke hannuna, ya dubi tabon baƙin mai a gefen rigar Madam, na ga ransa ya bar jikinsa. Aka roƙi fasto ya ɗan koma ya zauna. Aka yi addu'a a gurguje, Baba Markus ya gabatar da abin da ya tara mu, aka juya ana jiran ta.

Ta cire gilashinta ta goge. Ta ce, "Na zo da tambayoyi da yawa. An amsa min su a hanya, har da waɗanda ban yi niyyar yi ba. Yaronku ya yi ta nuna min gefen da aka share. Yau na ga gidan yadda yake, kuma mutanen da ba su iya ɓoye-ɓoye ba, zan iya ba su 'yata."

Ishaya ya sauke numfashi har labule ya motsa.

Sai ta ƙara da cewa, "Amma da sharaɗi ɗaya."

Ta mayar da gilashinta, ta dube ni.

"Ranar biki, kada a bar Maman Ishaya kusa da motar amarya. Ba na so 'yata ta iso coci su huɗu a baya."

Ba wanda ya gane sai ni. Sai da ta ba su labarin da kanta, tana kwaikwayon bugun rufin da hannunta a kan teburin Baba Markus, har fasto ya makara gidan rasuwa don dariya. Ni kuwa ina gefe, ƙafafuna a cikin roba da ruwan ɗumi, ko ƙarfin jin kunya ba ni da shi.

An yi biki, an kiyaye sharaɗi, a bas ɗin zumuntar mata aka sa ni. Har yau in ta kira waya, kafin gaisuwa sai ta ce, "Maman Ishaya, da saura?" Jikokina ma sun iya.

Abin da na koya bai da yawa. Duk motar da na shiga yanzu, ko ta asibiti ce, sai na tambaya, "Malam, tamu ce mu kaɗai, ko ana jira?" Kuma duk wanda ya ce in rage surutu, sai in tuna masa cewa rana ɗaya tak na gwada, kuma kun ji inda ta kai mu.

Amma ku gaya min tsakani da Allah, ku da kuke dariya: mota a tsaye, kujeru fanko, direba ya tafi, ana jiranku a Barnawa, da ku ne me za ku yi?